Tafintar Da Ke Tsakaninku Da Ƙarfe

Ƙannena maza da mata,

Akwai tambayar da ba ta ƙarewa a bakinku. Duk inda muka zauna da masu koyon rubuta manhaja, sai wani ya gyara murya ya ce, "Yaya, wai da kayan aikin kyauta ana iya rubuta direban na'ura na gaske, ko sai an sayi na kuɗi?" Amsar ba ta da tsawo: ana iyawa. Kanel ɗin Linux, wato zuciyar babbar manhajar da ke tafiyar da wayoyin Android da galibin manyan kwamfutocin da ke ɗauke da intanet, da irin waɗannan kaya ake gina shi tun ranar farko, kuma fiye da rabin rubutunsa direbobi ne. Sai dai tambayar taku ta kama reshe ta bar gindi. Kun sa ido a kan kuɗin da ba a biya ba, alhali babbar ribar tana wani wuri: kayan a buɗe suke, ana iya leƙa cikinsu. Wanda aka buɗe wa ƙofa ya ƙi shiga kuwa, bai fi wanda aka kulle a waje da komai ba.

Firintar da ta tada zaune tsaye

A wajajen 1980 kamfanin Xerox ya ba ɗakin binciken ƙirƙirarriyar basira na jami'ar MIT da ke Amurka wata sabuwar firinta mai aiki da hasken leza. Tana da sauri, amma takan cije takarda, kuma tana wani bene daban. Mutum kan tura aiki ya yi ta jira, sai ya gaji ya tashi ya je ya tarar ta tsaya tun ɗazu. A tsohuwar firintarsu, wani matashi mai suna Richard Stallman ya riga ya magance wannan matsala: ya gyara manhajarta yadda in ta cije za ta aika wa masu jira saƙo. Da ya so yi wa sabuwar haka, sai ya tarar babu rubutun asali. Ya je ya roƙi wani mai bincike a jami'ar Carnegie Mellon da ke da shi, mutumin ya ce ya sa hannu a yarjejeniyar riƙe sirri, ba zai bayar ba. Wannan takaici na cikin abubuwan da suka sa Stallman ya shelanta aikin GNU a 1983, kuma a 1987 ya fitar da kwamfailar GCC. Lokacin da Linus Torvalds, ɗalibi a Helsinki, ya sanar da Linux a watan Agustan 1991, GCC na cikin manhajoji biyu da ya ambata cewa ya samu sun tashi a kansa.

Ku lura da abu guda a labarin nan. Firintar kyauta aka ba su. Ko sisi ba su biya ba, amma ta zame musu ƙarfen ƙafa saboda an hana su ganin cikinta. Ke nan tun asali rigimar a kan gani aka yi ta, kuma a kan manhajar da ke tuƙa na'ura aka fara ta. Sana'ar da kuke son shiga ita ce mahaifar wannan tafiya baki ɗaya.

San kayan maƙerarka

Direba shi ne ɗan rubutun da ya san yaren na'ura guda, ko katin sadarwa ne, ko kyamara, ko ma'aunin zafi, yana tsaye tsakaninta da kanel kamar dillali a kasuwa. Kanel ya ce a karanto, direba ya san rajistar da za a taɓa, da tsawon jiran da za a yi, da abin da za a yi in na'urar ta ƙi amsawa.

Kayan da ake ƙera shi da su jeri ne, kowanne da aikinsa. Ɗan koyon ƙira ba ya ce wa komai "ƙarfe". Ya san uwar maƙera, ya san masaɓa, ya san awartaki da zugazugi. Ku ma haka. Da farko akwai matakin da ke warware fayilolin kai da gajerun sunayen da kuka ƙirƙira. Sai kwamfaila, GCC ko Clang, ta juya harshen C zuwa harshen asembli. Sai as ya mai da wannan lambobin da furosesa ke ganewa. Sai ld ya ɗinke gutsattsarin, ya ba kowane suna adireshi. A gefe kuma akwai kayan dubawa: objdump mai mai da lambobin zuwa abin da ido zai karanta, readelf da nm masu nuna sassa da sunayen da ke cikin fayil, da GDB mai bin sawun manhaja taki-taki. Shi kuwa make, shi ne sarkin aiki mai cewa wane ya fara, wane ya biyo.

Da yawanku kun saba da danna maɓalli guda ku ga an ce an gama. A manhajar waya ana iya shekara ana haka ba a ji ciwo ba. A aikin direba, ranar da abu ya lalace, tambayar farko ita ce a wane mataki ya lalace, kuma wanda bai san matakan ba, lalube zai yi ta yi cikin duhu. Ku ware yini guda ku bi fayil ɗaya ta kowane mataki da hannu. In kuna gina kanel, ku ƙara V=1 a bayan make, zai baje muku cikakken umarnin da ake ba kwamfaila, tuta bayan tuta.

Kwana ukun da na yi ina zagin marar laifi

Bari in ba ku nawa labarin, don kada ku ɗauka daga sama na faɗo. Ina sabon shiga aka ba ni wani ɗan allo mai furosesar ARM, aka ce in sa shi ya karanto ma'aunin zafi. Takardar bayanin na'urar ta ce a tura umarni, sannan a jira wani bit a rajistar hali ya koma ɗaya. Na rubuta ɗan zagaye: muddin bit ɗin sifili ne, a ci gaba da dubawa. Na gina da -O0, wato ba tare da kwamfaila ta yi wa rubutun kwaskwarima ba, komai ya tafi daidai. Na ji kaina ya kumbura. Da na mayar -O2 don fitar da na ƙarshe, allon ya sandare.

Kwana uku ina sauya waya, ina zargin wutar lantarki, daga ƙarshe na yanke hukunci cewa GCC ce ta lalace, ai dama kayan kyauta. Wani dattijo a wurin aikin ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "To, ɗana, ka karanta abin da ta rubuta kuwa?" Ban taɓa ba. Muka buɗe objdump. Layi uku kacal: ta karanto rajistar sau ɗaya, ta gwada, in sifili ne sai ta yi tsalle zuwa inda take, har abada.

Kunya ta kama ni da na gane dalili. A dokar harshen C, in babu abin da ke cikin zagayen da zai canza wani wuri a ma'adana, kwamfaila na da ikon ɗauka cewa wurin ba zai canza ba, ta karanta sau ɗaya ta huta. Ni na san cewa bayan wannan adireshi akwai ƙarfe mai canza shi da kansa. Ita ban gaya mata ba. Kalma guda, volatile, ta warware kwana ukuna. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hango na GCC.

Wannan shi ne gindin nasihata. Kwamfaila tafinta ce, kuma tafinta mai bin ƙa'idar harshe sau da ƙafa. Abin da kuka furta take fassarawa, ba ta san abin da ke ranku ba. Duk inda kuka yi magana mai harshen damo, tana da 'yancin ɗaukar ma'anar da ta fi mata sauri. Mai rubuta manhajar waya yakan tsira daga wannan sau da yawa. Mai rubuta direba ba ya tsira, domin rabin gaskiyar aikinsa tana cikin ƙarfe, inda harshen C ba ya gani.

A cikin kanel ɗin Linux ma ba a son ku yayyafa volatile ko'ina kamar gishiri. Akwai takarda ta musamman a cikin bayanan kanel da ke gargaɗi a kan haka. An tanadi readl da writel don taɓa rajistar na'ura, da READ_ONCE da WRITE_ONCE, da shingaye irin su wmb. Dalili kuwa, furosesa ita ma takan sauya jerin karatu da rubutu don neman sauri. In kun cika buhun bayanai a ma'adana sannan kuka ce wa na'ura ta ɗauka, dole a tabbatar cikawar ta riga sanarwar isa. Furosesar x86 tana da ɗan tsari a wannan fanni, shi ya sa kuskuren kan ɓuya a kwamfutarku, sai an kai direban kan ARM ya fito fili.

Layi biyu da suka buɗe ƙofar gida

Kada ku ce wannan tuntuɓen 'yan koyo ne kawai. A 2009, a kanel 2.6.30, an sami wani kuskure a cikin direban tun, wanda manhajojin VPN ke dogara da shi. A layin farko an karanto wani abu ta hanyar wani manuni. A layin da ke biye aka duba ko manunin fanko ne, in haka ne a koma. Mai karatu da ido zai ce an yi kariya, an dai makara da layi ɗaya. GCC kuwa ta yi nata lissafi: tunda an riga an bi manunin, kuma doka ta ce ba a bin manuni fanko, to ba fanko ba ne, dubawar ta biyu ɓata lokaci ce. Sai ta share ta. Wani mai binciken tsaro, Brad Spengler, ya nuna yadda mai ƙaramin izini zai bi ta wannan ɓaraka ya karɓe ragamar kwamfutar gaba ɗaya. Aka gyara direban, aka kuma ƙara wa tsarin ginin kanel tutar -fno-delete-null-pointer-checks don hana kwamfaila irin wannan sharar.

A rubutun C dubawar tana nan daram. A lambobin da furosesa ke bi babu ita. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo: duk kyawun abin da kuka rubuta, wanda kwamfaila ta fitar shi ne zai yi aiki. Don haka ku koyi karanta asembli. Ban ce ku zama gwanayen rubuta shi ba. Ku dai kai matsayin da za ku kalli layi talatin ku gane inda aka karanto, inda aka ajiye, inda aka yi tsalle.

Cikin kanel wata ƙasa ce

Akwai dalilin da ya sa ake cewa ku gina direba ta tsarin ginin kanel, Kbuild, kada ku kira gcc da hannu. A can ciki babu ɗakin karatun C da kuka saba da shi. Babu printf, sai printk. Babu malloc, sai kmalloc, kuma sai kun faɗa masa ko an yarda ya yi barci yana jira ko ba a yarda ba. Ba a lissafi da lambobi masu ɗigo kai tsaye. Wurin ajiyar wucin gadi na ayyuka, wanda a manhajar yau da kullum yakan kai megabaiti 8, a kanel ɗin x86 mai bit 64 kilobaiti 16 ne kacal. Ku ajiye babban jeri a ciki ku ga yadda gida zai rushe.

Ga wani misali da zai nuna muku nauyin tuta guda. A ƙa'idar x86 mai bit 64, an yarda aiki ya yi amfani da baiti 128 da ke ƙasa da iyakar wurin ajiyarsa ba tare da ya keɓe su ba. A manhajar yau da kullum lafiya lau. A cikin kanel kuwa, na'ura na iya katse furosesa a kowane lokaci, kuma a daidai wannan wuri za a zuba bayanan katsewar. Shi ya sa ake gina kanel da -mno-red-zone. Wanda ya gina direba ba tare da ita ba zai sami ciwon da ke zuwa sau ɗaya a mako, ba ya barin sawu.

A nan ne kuma za ku ga amfanin buɗewa ƙarara, domin kwamfaila ma takan yi kuskure, ko da yake ba kasafai ba. A watan Yulin 2014 aka kawo rahoton wata faɗuwar kanel mai ɗaure kai. Torvalds ya karanta asemblin da GCC 4.9.0 ta fitar, ya nuna layin da ta ajiye abu a ƙasa da iyakar kafin ta keɓe wurin, duk da an ba ta tutar hani. Aka kai ƙara wurin masu GCC da hujja a hannu, aka gano tushen, aka gyara. Ni da shi duka mun zargi kwamfaila. Ni na yi zargi da baki, shi ya kawo layin. Ranar da za ku ce kwamfaila ce ta yi kuskure, ku zo da layin.

Shaidu biyu sun fi ɗaya

Zamaninku ya fi namu sa'a, domin kuna da kwamfaila biyu. Aikin LLVM ya faro ne a 2000 a jami'ar Illinois, a hannun Chris Lattner da Vikram Adve, kuma a 2007 aka fitar da Clang, wadda aka gina a kansa, daga kamfanin Apple. An daɗe ba ta iya gina kanel ba sai da faci, saboda rubutun Linux ya cika da salon GCC. Daga Clang 9 a 2019 aka iya gina kanel ɗin x86 mai bit 64 da ita kai tsaye, kuma yau kanel ɗin wayoyin Android da ita ake gina shi. Abin da kawai za ku ƙara shi ne LLVM=1. Ku gina direbanku da duka biyun. Inda ɗaya ta yi shiru, ɗayar kan yi magana, kuma in direba ya yi aiki da ɗaya ya ƙi da ɗaya, ku fara zargin rubutunku.

Gargaɗin kwamfaila kuma ba hayaniya ba ne. Na ga matasa suna barin gargaɗi hamsin suna wucewa a allo, wai ai ya ginu. Cikin hamsin ɗin akwai guda da zai hana ku barci wata uku nan gaba. Ku ƙara W=1 ku share duka. Ku ƙara C=1 don kiran Sparse, wanda Torvalds ya fara rubutawa a 2003; shi ne ke kama wanda ya bi manunin da ya fito daga manhajar mai amfani kai tsaye maimakon ya bi ta copy_from_user. Akwai Smatch na Dan Carpenter, akwai Coccinelle da Julia Lawall ke jagoranta a Faransa. A kanel ɗin gwaji ku kunna KASAN mai kama taɓa ma'adana ba bisa ƙa'ida ba, da lockdep mai hango cushewar makullai tun kafin ta auku. Wani bincike da aka yi a jami'ar Stanford a 2001 ya gano cewa yawan kurakuran direbobin Linux ya ninka na sauran kanel sau uku zuwa bakwai. Unguwar da za ku tare ke nan, don haka ku shiga da fitila.

Kada ku gwada a kan abin da kuke ci da shi

Manhajar yau da kullum in ta faɗi, ita kaɗai ta faɗi. Direba in ya faɗi, da kowa yake tafiya. Ranar Juma'a 19 ga Yulin 2024, wata sabuntawa daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ta sa direbansa na kanel ɗin Windows ya nemi bayani na 21 a inda aka ba shi 20, ya karanta wajen iyaka. Microsoft ya ƙiyasta kwamfutoci miliyan 8.5 ne suka durƙushe. Jiragen sama suka kasa tashi, asibitoci da bankuna suka shiga ruɗani. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Na san yawancinku kwamfuta ɗaya gare ku, ta hannu ce ma, kuma a cikinta aikin makaranta da na neman abinci suke. Kada ku ɗora direban gwaji a kanta. QEMU, wanda Fabrice Bellard ya fara a 2003, zai ba ku kwamfuta a cikin kwamfuta, ku kashe ta sau ɗari ba asara. Yana ɗauke da wata na'urar koyo mai suna edu, da aka yi musamman don masu koyon rubuta direban PCI, kuma ana iya haɗa shi da GDB ku tsayar da kanel cak ku leƙa cikinsa. In kun samu ɗan allo irin Raspberry Pi, ku koyi gini a nan don a kunna a can, ta hanyar ARCH da CROSS_COMPILE. Duk waɗannan, da zarar kun sauke su sau ɗaya, ba sa neman data, ba sa neman lambar lasisi, kuma ba za ku sa hannu a satacciyar manhaja ba.

Ku riƙa rubuta sigar kwamfaila, da sigar kanel, da fayil ɗin .config na kowane gini, kamar yadda ɗan kasuwa ke rubuta bashi. Linux da gangan ba ya alƙawarin cewa hanyoyinsa na ciki za su zauna yadda suke. Greg Kroah-Hartman ya rubuta takarda guda a kan dalilin haka. Direban da aka gina wa wani kanel, wani zai ƙi karɓarsa, kuma modinfo zai nuna muku tambarin sigar da ke jikinsa. Littafin Linux Device Drivers bugu na uku, na Jonathan Corbet da Alessandro Rubini da Kroah-Hartman, kyauta ne kuma yana koyar da tunani mai kyau, amma a 2005 ya fito, a kan kanel 2.6.10. Ku ɗauki hikimarsa, misalan kuwa ku nema a cikin direbobin kanel ɗin da ke hannunku.

Kafin duk wannan ma, ku tambayi kanku ko aikin na buƙatar shiga kanel. Na'urorin USB da yawa ana tuƙa su daga waje da libusb. Ƙananan ma'aunai ana iya magana da su ta i2c-dev ko spidev. Ƙwararre shi ne wanda ya san lokacin da ba sai an shiga ɗakin ba.

In Windows ce kasuwarku

A nan zan gaya muku gaskiya ba ƙumbiya-ƙumbiya. Ana iya gina direban Windows da GCC: mingw-w64 na ɗauke da fayilolin kai na aikin direba, kuma mutanen ReactOS sun shekara da shekaru suna gina babbar manhajarsu mai kama da Windows, har da direbobinta, da GCC. Amma hanyar tana da ƙaya. GCC ba ta gane __try da __except da direbobin Windows ke amfani da su, har sai da ReactOS suka ƙera nasu madadin. Kayan gwaji da bayanai da misalan Microsoft duka sun ɗauka da WDK, wato kayan ginin direba na Microsoft, kuke aiki. Sannan akwai maganar sa hannu: tun daga Windows Vista mai bit 64 ba a ɗora direban kanel marar sa hannu, kuma daga Windows 10 siga 1607 sabon direba sai ya bi ta hannun Microsoft. Babu kwamfailar da za ta tsallake muku wannan shinge. Don koyo da fahimtar ciki, ku yi da kayan buɗe. Don abin da za a kai wa mai saye, ku bi hanyar da masu gidan suka shimfiɗa. Ƙaunar kayan aiki kada ta rufe muku ido daga haƙƙin wanda ya ba ku aiki.

Amanar da ke tare da kyautar

Wasu na tsoron cewa duk abin da aka gina da GCC ya zama dole a sake shi kyauta. Ba haka abin yake ba. Gini da ita ba ya shafar mallakar rubutunku. Amma kanel ɗin Linux yana ƙarƙashin lasisin GPL siga ta 2, kuma in kun kwafi rubutu daga cikinsa, sharaɗinsa ya hau kanku. Layin MODULE_LICENSE da ke ƙarshen direba furuci ne. Kada ku rubuta GPL a wurin don kawai a buɗe muku hanyoyin da aka keɓe wa masu wannan lasisi, alhali kun ƙudurta ɓoye rubutun. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Haka layin Signed-off-by da ake sa wa kowane faci tun 2004: shaida ce da sunanku cewa kuna da haƙƙin bayar da abin da kuka bayar.

Kuma ku bayar ɗin. Ku fara da ƙaramin gyara a sashen drivers/staging, inda aka ajiye direbobin da ba su gama nuna ba, ku wuce da shi ta checkpatch.pl, ku aika wa mai kula da sashen. Zai yiwu a mayar muku da shi sau uku, da gyara a kowane layi. Wanzami ba ya son jarfa, na sani, ni ma na ji zafinta. Amma injiniyan da ya shekara ashirin a kan aikin ya zauna ya karanta rubutunku layi-layi ba ku biya shi ba. Wace makaranta ce za ta ba ku haka? Direban da ya shiga babban kanel kuma, duk wanda ya sauya wata hanya ta ciki shi zai gyara muku shi, ko kuna barci. Tun daga kanel 6.1 a ƙarshen 2022 an buɗe wa harshen Rust ƙofa, kuma yana toshe ramuka da yawa na ma'adana, ku koye shi. Sai dai shi ma ta hannun tafinta yake bi, ƙarfen da ke ƙasa kuma bai canza hali ba.

Ga aikin da zan bar muku. Yau da dare, in an kawo wuta, ku rubuta zagayen nan nawa mai jiran bit, layi biyar ya isa. Ku gina shi da -O0, ku sake ginawa da -O2, ku buɗe duka biyun da objdump ku jera su gefe da gefe. Ku nemo inda karatun ya ɓace. Sannan ku ƙara volatile ku ga ya dawo. Abin da ya ci mini kwana uku, ku zai ci muku rabin sa'a, kuma daga ranar ba za ku ƙara kallon kwamfaila a matsayin akwatin tsafi ba. Stallman ya yi tattaki har wata jami'a yana roƙon a nuna masa cikin firinta aka hana shi. Ku ga shi an baje muku komai a faifai, saura ku duba.

Allah Ya yi wa hannuwanku albarka, Ya sa ku fi mu.

Yayanku a sana'a.